Kare ciki daga gyambo: daga randar ruwa zuwa tukunyar miya

Shekara uku ke nan, da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa a gonakin da ke shan ruwan Tiga ta wajen Kura, aka kawo Baffana gida a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Leɓensa ya yi fari fat, gumi na keto masa alhali iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ashe kwana uku yana bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wani irin ƙarni, bai gaya wa kowa ba. Dattijo ne, irin waɗanda suka riƙe cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A asibiti sai da aka ƙara masa jini leda biyu. Da ya farfaɗo, likita ya jawo kujera ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, in jikinka ya yi tsami da aiki, me kake sha?" Baffa ya ce ba komai, sai ɗan haɗin da yake karɓa a kemis kowace safiya kafin ya wuce gona. Aka kwance ƙullin: ƙwaya biyar, uku daga ciki duk dangin juna ne, masu cin bangon ciki. Shekara da shekaru yana kora su da shayi, cikinsa babu komai.

Tun daga ranar na sa kaina bin diddigin wannan ciwo da muke kira olsa ko gyambon ciki. Na tambayi ma'aikatan lafiya, na karanta abin da hannuna ya kai gare shi, na zauna da iyayenmu mata a bakin murhu. Abin da na fito da shi shi ne, tsirran da ke kare ciki ba a kwalbar mai talla da lasifika ranar kasuwa suke ba. Suna cikin rumbu, suna jikin danga, suna shanye a kan tabarma a tsakar gida. Sai dai ba su da ƙarfin tare ciwon muddin ƙofofin da yake shigowa a buɗe suke. Don haka da ƙofofin zan fara.

Mataki na farko: san abin da ke cin bangon

Tumbin mutum yana zubo da wani ruwa mai tsananin tsami, wato asid, wanda da shi ake narkar da tsiren da ka ci. To me ya hana shi narkar da tumbin kansa? Yaɓe. Akwai wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon ciki, jiki yana sabunta shi dare da rana, kamar yadda magidanci ke sake yaɓen katangarsa kafin damina. Inda yaɓen ya zaizaye har asid ya taɓa tsoka, nan gyambo ke fitowa, ko a tumbin, ko a farkon hanji.

Abu biyu ne ke kawo mafi yawan wannan zaizaya. Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helikobakta, wadda a takardar gwaji za ka ga an rubuta ta H. pylori. Aikin gara take yi: ta kutsa cikin yaɓen, ta zauna shekaru tana cin sa ta ciki. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka tono asirinta a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raini ƙwayar a ciki a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen Najeriya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara. Ba kowa take yi wa gyambo ba, kamar mutum 1 ko 2 ne cikin 10. Na biyu kuma magungunan ciwon jiki, irin waɗanda suka kayar da Baffa.

Na san abin da ke ranka: "Ai yunwa ce ke kawo olsa." Haka muka taso muna ji. Gaskiyar ita ce gyambon farkon hanji ya fi ciwo in ciki ya zama wayam, musamman tsakar dare, mutum ya farka da raɗaɗi a ƙahon zuciya, ya ci ɗan abu ya ji ya lafa. Shi ya sa muka ɗora wa yunwa laifi. Yunwa tana tayar da gyambon da ke kwance, ba ita ke haƙa shi ba. Haka barkono, haka damuwa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin wanda ya yarda yunwa ce zai yi ta cusa burodi da madara, gara kuwa tana can tana aikinta.

Mataki na biyu: zazzage aljihunka

Yau, ba gobe ba, ka fito da duk maganin da ke aljihunka da ƙarƙashin matashinka da cikin kwallar uwargida. A nemo ɗan makaranta ya karanta abin da ke jikin kwalin. Ga sunayen kamar yadda ake rubuta su: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, aspirin, indomethacin, naproxen. Waɗannan suna kashe ciwon baya da na gwiwa da gaske, shi ya sa manomi da ɗan dako da mai faskare ke son su. Amma hanyar da suke bi su kashe ciwon ita ce kuma take tsayar da mai yaɓen ciki daga aiki. Ko allura aka yi maka, ta jini suke zuwa su yi ɓarnar. Haɗa biyu ko uku a lokaci guda bai ƙara kashe ciwo yadda ake zato, haɗarin zubar jini yake ninkawa. In aka haɗa da ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone ko prednisolone, da wasu 'yan mata ke sha don su ciko, abin ya ƙara muni.

In ciwon jiki ne na gajiya, farasitamol ba ya cin bangon ciki in an sha shi bisa ƙa'ida. Ruwan ɗumi da tausa da man kaɗanya su ma ba wasa ba ne ga wanda ya yini a sunkuye. In ya zama dole a sha ɗaya daga cikin waɗancan, to guda ɗaya, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki. Kuma ka daina cewa "a haɗa mini." Ka ce, "Malam, mene ne sunan wannan?" Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramar aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya yanke da kansa, ya koma ya gaya wa likitan halin da cikinsa ke ciki.

Mataki na uku: randa, moɗa da hannu

Helikobakta daga baki zuwa baki take tafiya, ko daga bahaya zuwa ruwa da abinci. A gida ɗaya take zagayawa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Dubi randarmu da kyau. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa, ya zurma ta har wuyan hannu, ya kafa kai ya sha, ya mayar da ragowar. Bayansa mutum goma za su yi haka. Gyaran ba ya cin ko kwabo: ludayi mai dogon hannu na ɗiba, a rataye shi a ƙusa, kofin sha daban, murfi a kan randa, a wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku. Wajen cin tuwo kuma, kwanon wanke hannu guda da kowa ke tsoma hannu a ciki, na ƙarshe da dauɗar kowa yake wankewa. A zuba da buta, da sabulu, in babu sabulu da toka. Sai kuma wata al'ada da ake yi don ƙauna: uwa ko kaka ta tauna abinci ta sa wa jariri a baki. Ina roƙon iyayenmu mata su bar ta. A murƙushe da cokali.

Ruwan rijiya, kududdufi ko na 'yan garuwa da ba ka san tushensa ba, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In ruwan ya yi jajir da laka, kamar yadda yake yi da damina a ƙauyukan fadamar Haɗejiya, 'ya'yan zogale na da aiki a nan. Ka samo waɗanda suka bushe a jikin bishiya, ka ɓare, ka ɗauki farin cikin, ƙwaya 10 zuwa 20 ga bokiti mai lita 20, gwargwadon dauɗar ruwan. Ka daka su lukwi, ka zuba a 'yar kwalba da ruwa mai tsabta, ka girgiza sosai, ka tace da ƙyalle cikin bokitin. Juya da sauri kamar minti 2, sannan a hankali kamar minti 10, ka bar shi ya huta awa guda. Za ka ga lakar ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau. Tsiyaye saman. Amma kada hasken ruwan ya ruɗe ka: zogale dauɗa yake kwantarwa, ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa, kuma a shanye a ranar.

Mataki na huɗu: mayar da gero da wake kan tabarma

Wannan shi ya fi daɗaɗa mini rai cikin duk abin da na karanta. Wani likitan fiɗa Baturen Ingila, Frank Tovey, ya tattara rahotannin asibitocin Afirka ya buga a 1975, ya kuma yi irin wannan aiki a Indiya. Abin da ya lura da shi shi ne gyambon farkon hanji ya fi yawa a inda cimar mutane ta dogara da gogaggiyar shinkafa, rogo da doya, ya kuma yi ƙaranci a inda ake cin gero da dangin wake da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. A Amurka kuma, wani nazari na jami'ar Harvard da aka buga a 1997, wanda ya bi maza kusan 48,000, ya samu cewa masu yawan cin abinci mai harza, irin wake da ganyaye da 'ya'yan itace, haɗarin wannan gyambo ya ragu musu da kusan rabi.

To mu duba kanmu. Kakanninmu kunun gero suke karyawa da shi, fura da rana, tuwo da dare. Mu kuwa yanzu har a ƙauye mun koma shayi da burodi da safe, taliyar leda da rana. Muna sayar da gero da wake a Dawanau ko Gujungu, mu sayo abin da bai kai su ba.

Uwargida, ga abin yi. In za ki yi surfe, kada ki surfa har ƙwayar ta yi fari tas, ki bar mata ɗan duhunta. In kin kai niƙa, ki rage tankaɗe da rariya mai laushi. Kunun gero mai kauri da safe kafin maigida ya fita, ko da ludayi biyar ne. Wake ya shiga tukunya aƙalla sau uku ko huɗu a mako: alale, fate, dafa-duka, ko garau-garau wanda waken ya rinjayi shinkafar. A jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, zai yi saurin nuna ba sai an labta kanwa ba, kuma zai rage kumburin ciki. Ga mai ciki mai saurin tashi, alale ya fi ƙosai, domin abin da aka soya cikin mai yana daɗewa a tumbi.

Mataki na biyar: kada a raina miyar yauƙi

Akwai masu jin kunyar a ce a gidansu kullum kuka ce ko kuɓewa. Ni kam na daina. A 2004 wasu masu bincike a Jamus suka gwada ruwan ɗanyar kuɓewa matashiya a kan tsokar tumbin mutum a ɗakin gwaji, suka ga yana hana Helikobakta manne wa bangon. A ɗakin gwaji ne, ba a cikin mai rai ba, don haka ba zan ce maka kuɓewa na korar ƙwayar ba. Amma abinci ne mai laushi da ke sauka ba tare da ya karci ciki ba, ga harza mai narkewa, irin wadda nazarin Harvard ya fi yabawa. Kuka, karkashi da lalo duk gidansu ɗaya a wannan.

A zaɓi kuɓewa ƙanana, waɗanda bakinsu ke karyewa ƙas in an lanƙwasa. A goga ko a yanka ƙanana, a zuba ta a ƙarshen girki, minti biyar zuwa bakwai ya isa. Kanwa ɗan ƙyas, in ma za a sa. Da kaka, lokacin da take araha har ana rasa mai saye, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a ɗaga ta daga ƙasa inda awaki da kaji ke bi. Kuka kuwa a shanya ta a inuwa. Wadda ta bushe tana kore shar ita ce mai kyau, wadda ta koma ruwan ƙasa rana ta cinye ta. Kuma a ji tsoron gishiri da dunƙule, domin yawan gishiri shi ma yana cin yaɓen ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Daddawa ta isa ta ɗaga miya.

Mataki na shida: zogale da kabeji

Ba kowa ya san waɗannan biyun dangi ne na nesa ba. Dukansu suna da wani sinadari mai ɗan yaji-yaji da ɗaci, wanda a ɗakin gwaji aka ga yana danne Helikobakta. Ga inda gizo ke saƙar: sinadarin ba ya fitowa sai an tauna ko an daka ganyen, kuma doguwar tafasa tana kashe abin da ke fito da shi. Mu kuwa yaya muke dafa zogale? Mu bar shi a wuta har ya yi baƙi, mu matse, mu zubar da ruwan. Rabin amfanin ya bi rariya.

Ga yadda muka koma yi a gidanmu. Na kwaɗo, a tafasa shi daidai ya yi laushi yana sauran korensa, a haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, barkono kaɗan. Sannan a ware wani ganyen, a wanke, a baza a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke shiga rana ba ta taɓawa, kwana uku zuwa biyar ya bushe. A daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Ƙaramin cokali ɗaya a barbaɗa a kan miya ko kunu bayan an sauke daga wuta. Ganyen nake nufi kawai. Saiwar zogale da ɓawonsa ba abin sha ba ne, ga mai juna biyu kuwa haɗari ne babba.

Kabeji yana da nasa tarihin. A 1949 wani likita a jami'ar Stanford ta Amurka, Garnett Cheney, ya shayar da masu gyambo 13 ruwan ɗanyen kabeji kusan lita guda kullum, ya ba da rahoton cewa gyambonsu ya warke da sauri ƙwarai. Mutum 13 ba su da yawa, kuma a lokacin ba a ma san da Helikobakta ba, don haka a ɗauke shi a matsayin mataimaki. Lokacin noman rani, da sanyi, kabeji na araha a lambunanmu. Mai son gwadawa ya cire ganyen waje, ya wanke sauran da ruwan da aka tafasa ya huce, ya yanka kwatan ƙulli, ya daka a turmi mai tsabta wanda ba na barkono ba, ya zuba rabin kofin ruwa, ya tace da farin ƙyalle. Rabin kofi kafin abinci, sau biyu a yini, a sha nan take domin in ya jima yana wari. Zai iya sa kumburi da tusa a kwanakin farko. Mai maƙoƙo kada ya dimanci ɗanyensa. In kuma ba ka san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, domin wasu lambunan bakin birni da ruwan kwata ake shayar da su, to ka turara shi minti biyar ka ci da ƙuli. Kada garin neman kariya ka haɗiyi abin da kake gudu.

Mataki na bakwai: habbatus sauda da 'yan uwanta

Mun san darajar habbatus sauda a wurinmu. A 2010 an gwada ta a Saudiyya a kan mutum 88 masu ɗauke da Helikobakta. Waɗanda aka ba giram 2 na garinta kullum, haɗe da maganin rage asid na asibiti mai suna omeprazole, kusan kashi biyu bisa uku sun rabu da ƙwayar. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti kuwa, sama da kashi 80 cikin 100. Abin lura, waɗanda aka ba giram 3 ba su kai masu giram 2 samun nasara ba. Ƙari ba ya nufin ƙarin amfani. Giram 2 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A daka kaɗan-kaɗan don kada ƙamshin ya gudu, a cakuɗa da zuma, a sha bayan abinci. Mai juna biyu ta tsaya iya abin da ake barbaɗawa a girki. Zuma tana sanyaya maƙogwaro da ƙirji, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba, mai ciwon suga kuma ya yi hattara.

Citta da gangamau kaɗan a miya ko kunu suna taimaka wa tashin zuciya da cushewar ciki. Tafarnuwa a girki lafiya lau, amma haɗiyar ɗanyarta da sassafe ba ta kashe ƙwayar, an gwada a jikin mutane ba ta yi ba, sai ƙuna da take ƙarawa. Ɗanyen agade da aka shanya aka niƙa ya kare cikin ɓeraye daga ɓarnar aspirin a wani gwaji na 1984, nunanne kuwa bai yi ba. Wanda ya samu ya dafa, abinci ne mai kyau.

Mataki na takwas: abubuwan da muke ɗauka magani ne

Ruwan kanwa. In ƙwannafi ya taso a jiƙa a sha, a yi gyatsa, a ji sakayau. Gaskiya ne tana kashe kaifin asid na ɗan lokaci, amma dangin gishiri ce, tana tayar da hawan jini tana wahalar da zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Madara ma haka: ta sanyaya yanzu, bayan awa ɗaya ko biyu ta sa tumbi ya ƙara zubo da asid. Kindirmo da fura a matsayin abinci ba laifi, in an dafa madarar kafin a ɗaura ta.

Goro da shayi mai kauri a kan ciki wayam suna tsokano asid. A ci wani abu tukuna. Taba kuwa, ta zuƙa ce ko shisha, tana hana gyambo warkewa tana kuma dawo da shi. Wannan ba ragewa ake yi ba, bari ake yi. Tsamiya, zoɓo, yakuwa, lemon tsami da yaji ba su haƙa gyambo. In cikinka na karɓarsu, ci abinka. In ka lura wani yana tayar maka, ka ajiye shi.

Sai jiƙe-jiƙe da tsime-tsime. Ba na raina ilimin magabata. Sabara, alal misali, masu bincike a Najeriya sun gwada saiwarta a kan ɓeraye suka ga tana kare bangon ciki. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma kwalbar da aka cusa wa bagaruwa da maɗaci da darbejiya da abin da mai ita kaɗai ya sani ba ta da ma'auni. Hanta da ƙoda ne ke biyan bashin. Mafi muni, akan samu marasa tsoron Allah da ke niƙa ƙwayoyin ciwon jiki su zuba a cikin garin gargajiya don mai saye ya ji "yana aiki." Ƙa'idata ita ce: abin da ake ci a matsayin abinci, bismilla. Abin da ba a ci sai don magani, kuma ba a san adadinsa ba, a'a.

Mataki na tara: lokacin ci, da batun azumi

Kada a fita gona da ciki wayam a dawo da la'asar a danƙara. A tafi da gumba ko fura a gora, ko dafaffen dankali, ko gyaɗa da dabino. Abincin dare a ci shi da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta. Ma'aunin da hadisi ya ba mu, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, shi ne daidai ga tumbi.

Likitoci a ƙasashen Musulmi sun lura cewa fashewar gyambo da zubar jininsa na ƙaruwa a watan Ramadan ga waɗanda suka shiga azumi da ciwon da ba a yi wa magani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai fama da ciki ya je a duba shi tun Rajab ko Sha'aban. Da buɗa-baki a fara da dabino da ruwa da kunu mai ɗumi, a yi sallah, sannan abinci. Kada a fara da ƙanƙara da soye-soye da yaji. Sahur a jinkirta shi, a sa gero ko wake. Wanda likita ya ce gyambonsa ɗanye ne, addini ya yi masa rangwame ya rama daga baya.

Mataki na goma: inda ganye ya tsaya

Duk abin da na lissafa kariya ne da tallafi. In Helikobakta ta riga ta haƙa gyambo, babu kuɓewa ko kabejin da zai fitar da ita. In raɗaɗin ƙahon zuciya ya wuce mako biyu yana tafiya yana dawowa, a je a yi gwaji. Na bahaya ko na numfashi su ke nuna ƙwayar tana nan yanzu, na jini yakan nuna ko da tsohuwar kamuwa ce. Kafin gwajin a dakatar da omeprazole na mako 2, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya. Maganin haɗi ne na mai rage asid da masu kashe ƙwayar iri biyu ko fiye, galibi kwana 14. A shanye shi tas ko an ji sauƙi a kwana na huɗu, domin wanda ya yanke a tsakiya ya koya wa ƙwayar jure magani. Bayan an gama da aƙalla mako 4 a sake gwaji. Dalilin nacewa shi ne, tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa Helikobakta cikin abubuwan da ke haddasa dajin tumbi. Wanda ya manyanta ciwon ya fara masa sabo, ko yake rama ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yake yawan amai, shi sai an leƙa cikinsa da na'ura. Ana yin wannan a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ƙaramin asibitin garinku zai ba ku takardar turawa.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su. Bahaya baƙi mai danƙo kamar kwalta. Aman jini, ko amai mai baƙin gari-gari. Jiri da farin ido da bugun zuciya. Ko ciwo ya soki mutum farat ɗaya kamar wuƙa, cikin ya ƙage kamar katako, ko taɓawa ba ya so: wannan gyambon ne ya huda. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana baƙanta bahaya, amma ba ta sa shi danƙo da ƙarni, in an yi shakka a je a tambaya.

In haka ta faru, kada a ba shi kunu, kada a ba shi jiƙo, kada a ba shi ko ruwa, domin mai yiwuwa fiɗa za a yi. A kwantar da shi ta gefe saboda amai. A nemi mota tun kafin a gama shawara, a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, a tafi da matasa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Sannan wani ya shiga ɗakinsa ya tattaro duk ƙullin magani da kwalbar jiƙon da ya gani, har da fankon kwali, a zuba a leda a miƙa wa likita. Ranar Baffa, ƙanwata ce ta tuna ta ɗauko ledar.